Sanda 'Yar Madina

Ƙaras! Ƙarar ba ta kai ta faɗuwar murfin tukunya ba, amma ita ta sa ni yawon kasuwannin Madina shekara da shekaru, har masu kanti suka san muryata.

Ina tsakar gidanmu na Kakuri a Kaduna ina tankaɗe, Baba ya yunƙura daga kan tabarma zai tafi sallar La'asar. Ya dogara da sandarsa kamar kullum, sai ta rabe biyu a ƙarƙashinsa. Allah ya tsare ya dafa bango. Sandar marke ce, gadon mahaifinsa, hannu ya goge ta har tana sheƙi. Ya tsaya yana kallon guntayen kamar wanda aka yi wa rasuwa. Yaya Sani, babban wanmu, ya ce gobe zai sayo masa irin ta ƙarfen nan mai ƙafar roba da ake sayarwa a kemis.

"Ta ina?" in ji Baba.

"Ta kemis mana, Baba."

"Na ce ta ina. Wa ya ƙera ta?"

Yaya Sani ya san inda maganar ta nufa. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a masaƙa, ɓangaren buga zanen atamfa. Da atamfar Chaina ta cika kasuwa, mai araha, da irin zanensu, har da irin tambarinsu a gefe, sai aka ce su koma gida za a neme su. Ba a neme su ba. Ɗan abin da ya tara don kujerar Makka ya narke a cefane. Tun daga nan Baba ba ya taɓa abu sai ya kifa shi ya duba gindinsa. Kofi, tocila, buta, har takalmin baƙo in ya ajiye a bakin ƙofa. Inna tana da wani filas da take ɓoyewa a bayan randa kamar kayan sata.

A makon ne zan bi mijina, wanda ya sami aikin haɗa magani a wani asibiti a Madina. Baba ya juyo ya dube ni.

"Dije, tunda Allah ya nufa can za ki, ki aiko mini da sanda. Itacen Madina, hannun mutumin Madina. In ƙafata ba ta je ba, in dogara da abin da ya tsiro a can."

Na ce to. Da na san abin da ke cikin wannan "to" ɗin, da na tsaya na ƙara tambaya. Abin da ban sani ba sai daga baya, a ranar ya shaida wa 'yan majalisarsu ta ƙofar masallaci cewa ba zai sake riƙe wata sanda ba sai 'yar Madina ta iso. Wanda ya san Baba ya san ya gama magana.

Gidan da muka sauka yana Harra ta Gabas, unguwa ce a kan baƙaƙen duwatsu, gidaje a cunkushe kamar an tura su da hannu. Ɗaki biyu a sama, taga ɗaya, na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani kamar injin markaɗe. Malam, wato mijina, yana fita tun rana ba ta yi zafi ba, ba ya dawowa sai ya zama abin tausayi. Ga ni da ƙaramin ciki, ga kewar Inna, ga babu wanda zan ce wa ina kwana ta kan katanga. Larabcina kuwa na Islamiyya ne, mai wasali har ƙarshe. Ranar da na fara zuwa sayen albasa na jero wa mai kanti jimla cikakkiya, ya ajiye abin da ke hannunsa ya saurare ni da ladabi, da na kai aya ya ce amin.

Amma in na shiga Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, duk wannan sai ya zube. In zauna in yi ta hawaye ba tare da an yi mini komai ba. Kuma kullum sai na tuna Baba yana bin bango zuwa masallacin unguwarmu.

Na fara neman sanda daga kantunan da ke kewaye da Harami, na gangara har unguwar Anbariyya. A nan na gane ashe na yi gadon halin Baba, don duk abin da na ɗauka sai hannuna ya kifa shi. Carbi, Chaina. Darduma, Turkiyya. Hula, wata ƙasa can gabas. Agogon da ke kiran salla, Chaina. Har ɗan abin nan da yara suke kangawa a ido su ga koriyar ƙubba, Chaina. Oh ni Dije! Waɗannan fa su ne muke rububi a gida in alhazai sun dawo, tsofaffi suna shafawa a fuska wai sun fito daga Madina. Sun dai kwana a Madina, kamar yadda ni ma nake kwana.

Wata rana a wani lungu na Anbariyya na shiga kantin da ya haɗa komai da komai, sabo da tsoho. A kusurwa na hango wasu sanduna a cikin durom. Na zaro ɗaya. Siririya ce, ta ƙarfe mai walƙiya, samanta da mariƙi a kwance daidai tafin hannu, ƙasanta kuma an naɗe da baƙar roba, na ce don kada ta zame ne. Na juya ta sama da ƙasa ban ga rubutu ba, sai wani baƙin salatif da aka naɗe a wuyanta. Murna ta kama ni. Abu na farko ke nan a garin da ba shi da rubutu.

Na tambayi mai kantin da Larabcina daga ina take.

"Sini, ya hajja," ya faɗa ko ɗago kai bai yi ba.

Na ce, "Sinin? Ɗuri Sinina?"

Sai ya ɗago. Ya dube ni, ya dubi sandar, ya gyara zama. "Aiwa, aiwa! Ɗur Sinin!"

Wane yaro ne bai san wannan dutse ba tun daga allo? Dutsen Annabi Musa, kuma sanda! Na tsaya ina lissafi a raina: ƙarfe ai daga dutse ake tono shi. Ba ta Madina ba ce, gaskiya, amma wa zai raina ta? Farashin ya yi tsalle tsakanin tambayata da amsarsa, ban ko yi ciniki ba, ina ganin rashin ladabi ne a taya abu mai albarka. Na naɗe ta a farin ƙyalle, na fesa mata turare. Washegari wata maƙwabciyarmu ta Kakuri da ta zo aikin Hajji za ta bar gari, na kai mata masauki na danƙa mata, da saƙon cewa Baba ya riƙe wannan ta Ɗuri Sinina kafin in samo ta Madina. Malam ƙunshin kawai ya gani. So nake ya ji labari daga bakin Baba.

Ya kuwa ji.

Bayan alhazai sun gama komawa muka je rumfar waya muka kira gidan maƙwabta, aka kirawo Inna. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba ta ce, "Ke Dije, me kika aiko wa mahaifinki?"

Ashe Baba ya sa farar riga ya fita da ita sallar Juma'a, ya zauna a majalisa yana ba da tarihin dutsen. Ana ta karɓa ana shafawa. Sai ga Malam Ɗanjuma, taubashin Baba, wanda ba su haɗuwa sai sun tsokani juna. Shi direba ne a da, ya daɗe yana kai wani manajan masaƙa filin wasan golf yana jiransa a inuwa. Ya karɓi sandar, ya kifa ta, mariƙin ya koma ƙasa, robar ta koma hannunsa. Ya ware ƙafafu, ya karkace ƙugu, ya kaɗa ta a iska.

"Malam Isa, to ina ƙwallon?"

Bai tsaya nan ba, ya sa farce ya ɓare salatif ɗin. Ga rubutu nan raɗau, irin wanda Baba ya fi kowa iya ganewa a duniya.

Inna ta ce mutane har da riƙe ciki. Baba ya tashi ya bar sandar a nan, ya bi bango ya dawo gida. Tun ranar aka sa masa Manaja. In ya ɓullo sai Malam Ɗanjuma ya ce, "Manaja, yau rami nawa aka ci?" Yara suka kawo sandar gida, Inna ta ce tana amfani, da ita take tura kwata.

"Ba shi wayar, Inna, in ba shi haƙuri."

"Ya ce a gaya miki bai yi fushi ba. Ya ce 'yar Madina ya ce, kuma ita yake jira."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A benen ƙasa da namu akwai wata tsohuwa da kowa ke ce wa Hala Amina, "hala" kuwa kamar a ce goggo ne a wurinsu. 'Yar ƙasa ce, a Madina aka haife ta, amma kakanta da ƙafa ya taho daga ƙasar Katsina bai koma ba. Hausarta ta tsofaffi ce, ta yi rabi ta ƙarasa da Larabci. Ita ta fara aiko mini da kunun gyaɗa ranar da ta ji ina amai ta saman rufinta. Na sauka na zayyana mata komai ina kuka. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani, amma da na zo kan Ɗuri Sinina sai dariya ta ƙwace mata har haƙorinta na Makka ya bayyana.

"Ya binti, Sini ai ɗan Sin ke nan. Chaina! In kina son ɗan gida sai ki ce baladi."

Abin haushin, na sha jin ana cewa ƙasar Sin a rediyo. Amma a gidanmu Chaina muke cewa, kuma a bakin Baba sunan yana fita ne da tsaki. Ina zan kawo shi a raina ina tsaye a birnin Manzo?

Hala ta share idonta ta ɗauki abaya ta ce mu je. Ta tasa ni gaba har kantin, ta wanke mutumin da Larabcin da ban taɓa karantawa a kowane littafi ba. Shi kuwa ya buɗe hannuwa kamar mai addu'a.

"Ni Sini na ce. Ita ta kawo dutse."

Muka fito ba mu samu komai ba sai ƙishirwa.

A cikin kwanakin ne wani abokin Malam, injiniya da ke aiki a garin Yanbu, ya kawo mana ziyara da matarsa. Malam, wanda ya yi mini alkawarin ba zai gaya wa kowa ba, ya gaya masa kafin a sauke abinci. Injiniya ya sauka ƙasa ya ɗauko wata doguwar jaka daga motarsa, ashe shi ɗan wasan golf ne, a wurin aikinsu ya koya. Ya baje sanduna a kan kafet kamar mai tallan ludayi. Ina daga bayan labule ina jinsa.

"Ki daina jin kunya, Hajiya, ni ma sun yi mini. Na ce ba na son kowace sai ƙirar Amurka, na biya kuɗin ƙirar Amurka. Sunan dai nasu ne. Kan daga Chaina, ƙarfen daga wata ƙasa, robar daga wata, su nasu ɗaurawa da sa kwali. Wani Ba'amurke da muke wasa tare ya ce a garinsu ake ƙera irin waɗannan a da, mahaifinsa ma a can ya yi aiki, yanzu an rufe. Shi ma sai ya kifa abu yake saye."

Ashe can ma akwai wani tsoho irin Baba, yana zaune a ƙofar gida yana jiran a neme shi. Daga baya ina wanke-wanke har na tuna da wanda ya goge ƙarfen can a Chaina, na ce shi ma wataƙila yana da uba mai ciwon gwiwa. Na rasa wanda zan ji wa haushi, sai na koma kan Malam.

Allah ya sauke ni lafiya, mace. Hala ce ta zauna da ni, ita ta yi mini ruwan zafi kamar Inna, ita kuma ta ce a sa mata Ɗayyiba, ɗaya daga cikin sunayen birnin. Muka ce da ta yi ƙwari sai mu je gida a ga jinjira. Ina! Takardun yarinya suka maƙale a wani ofis, da suka fito nawa suka ƙare, da aka sabunta nawa wurin aikin Malam suka ce babu wanda zai riƙe masa kujera sai baɗi. Baɗi ta zo ta ce sai baɗi. Hala takan ɗaga Ɗayyiba ta ce, "Takarda ta ce baƙuwa ce ke, amma cibiyarki tana nan ƙarƙashin dutsen Harra."

Na ci gaba da yawo, yanzu da goyo, da sabuwar kalmata a baki. Duk kantin da na shiga sai in ce, "Baladi?" Kowa kuma sai ya ce baladi. Mai sandar gora ya rantse baladi ce, da Hala ta matsa shi ya ce baladin Jawa, can ƙasar Indonesiya. Wani ya ce baladi, ashe shi ɗan Pakistan ne, garinsu yake nufi. Mafi kusa da na samu ita ce wata kyakkyawa, mai nauyi, daga duwatsun Ɗa'ifa. Malam ya saya da kansa ya kawo gida yana murna.

"Hadiza, wannan dai ƙasa ɗaya ce. Ki ce masa ta Madina ce mana, wa zai sani?"

"Abban Ɗayyiba, in zauna a Madina in yi ƙarya da sunan Madina? Kuma wa Baba? Bayan abin da ya faru?"

"To ni na gaji da maganar sandar nan. Mutum ga sanduna cike da Kaduna, ya ƙi riƙewa."

Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi. Yaya Sani ya yanko ta gora, ya sayo ta makiyaya, ya sa masassaƙi ya fafe wata, duk Baba ya ce a kai wa mabukata. Duk kiran da na yi gida sai Inna ta rage mini wani abu. Da farko ta ce ya bar zuwa Juma'a, babban masallaci ya yi masa nisa. Daga baya ta ce ya bar Asuba da Lisha, don akwai kwatar da ake tsallakawa kuma babu bango a wurin. Gwiwar da ba ta tafiya kuwa daskarewa take yi. Mutumin da ladan yake tararwa a sahu, ya koma jin kiran salla daga kan tabarma.

Wata rana na zauna a ɗakin Hala na ce ni dai in da zan sami gatari da na je na sari reshen kowace bishiya na huta. Ta zaro ido.

"A'uzu billahi! Ke ba ki san ba a sarar itacen Madina ba? Harami ne fa, kamar Makka."

Na saki baki. Wato shekarun nan abin da nake nema, ba a ma yanka shi? Na ce, "Hala, kin san haka kika bar ni ina gantali?"

"Ke kika ce sanda. Kin taɓa ce mini itace?" Ta ja carbinta. "Amma abin da mutum ya shuka da hannunsa, wannan daban. Dabino ai duk shekara sai an yi masa aski."

Mijin 'yarta yana kula da wata gonar dabino ta wajen Ƙuba. Da lokacin gyaran itatuwa ya zo ya kwashe mu a bayan motarsa. Muna shiga na ga tsibi guda na rassan dabino da aka sassare, jarid suke ce musu, dogaye kamar gwangwala, an tara za a cinna musu wuta. Na tambaye shi nawa ne. Ya yi dariya ya ce in na kwashe duka ma sai ya gode mini. Na bi kantuna har takalmina ya cinye, ashe abin yana juji. Ban san lokacin da na zauna a kan tsibin ba, ina dariya ina hawaye, ƙaya tana sukata.

Na zaɓi masu kauri. Saura hannun mutumin Madina. Hala ta karɓi wuƙar yanka albasata, ta yi bisimilla ta fara feƙe ƙayoyin da ganyen, da ta gaji na karɓa. Ta farko na shanya ta a saman bene, rana ta lanƙwasa ta kamar baka. Ta biyu ta tsage. Ta uku na bar ta a inuwa ƙarƙashin gado, na danne ta da buhun shinkafa, ta bushe a miƙe. Na goge ta da yashi, ina shafa mata man da Hala ta ba ni, Ɗayyiba tana tsoma hannu tana shafa wa sandar rabi, kanta rabi. Malam ya kawo wata 'yar roba daga asibiti ya ce a sa mata a ƙafa don kada ta cinye. Na karɓa, na kifa, na miƙa masa abarsa.

Da alhazai suka zo na sami wani ɗan unguwarmu ta Kakuri ya ce zai kai. Malam ya raka shi har filin jirgi. Da yamma sai ga Malam ya dawo da sandar a hannu. Wai kaya sun yi wa alhajin yawa, aka ce ya rage, ya duba bargo da rediyo da akwatin tangaran, ya duba sandata, ya ce shi bai zo ƙasa mai tsarki don ya koma da itacen girki ba. Na jingine ta a bayan ƙofa na ce babu hannun da zai sake taɓa ta sai na Baba. A shekarar ce Inna ta ce mini ya daina fita gaba ɗaya.

Sai da Ɗayyiba ta isa shiga makaranta sannan takardunmu da hutun Malam suka yarda suka haɗu a wata ɗaya. A filin jirgin Madina ma'aikaci ya ce ba a shiga jirgi da sanda sai mai lalura. Na ce mai lalurar yana Kaduna. Ya ce to a sa a akwati. Akwati kuma ta fi shi tsawo. Malam ya fara cewa, "Hadiza, ko dai..." na yi masa kallon da ya haɗiye sauran. Wani dattijo mai ɗaure kaya, Bahaushen Sudan, yana gefe yana jinmu. Ya matso ya ce, "'Yar'uwa, kina da darduma babba?" Ina da ita, tsarabar Inna. Ya shimfiɗa, ya kwantar da sandar, ya naɗe, ya ɗaure tamau, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce in ce wa tsohon ya sa shi a addu'a. Haka sandar Madina ta tafi gida a cikin dardumar Turkiyya. Ban gaya wa Baba wannan ba.

Na tarar da shi a kan tabarmar nan dai, ya rame, gemun ya yi fari fat. Muka gaisa, muka yi kukanmu, ya ɗora Ɗayyiba a cinya yana yi mata Hausa tana ba shi amsa da Larabci. Sannan na durƙusa na miƙa masa sandar da hannu biyu.

Ya kifa ta. Ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa. Ya kai ta hanci.

"Itacen me?"

"Dabino, Baba. Daga wata gona kusa da Ƙuba."

"Wa ya feƙe?"

"Wata tsohuwa haifaffiyar Madina ta fara, ni na ƙarasa. Wannan ma ta sa hannu."

Ya daɗe yana shafa ta. Can aka kira La'asar. Ya ce a miƙo masa hularsa. Inna ta dafe ƙirji. Yaya Sani ya ɗaga shi tsaye, muka biyo shi har zaure. Ina jira in ji ƙwas ɗin farko a ƙasa, ƙarar da na yi shekaru ina mafarki.

Sai Baba ya ɗaga sandar ya rungume ta a ƙirji kamar jariri.

"Baba, sa ta a ƙasa mana! Don haka aka yi ta!"

"A wannan ƙasar? Kin ga kwatar da ke gaba kuwa? Abin da ya tsiro a Madina?"

Wallahi na ji kamar in zauna a wurin in kurma ihu. Anbariyya, rumfar waya, ƙayar dabino, buhun shinkafa, duk don a rungume ta? Na juya wajen Inna, ta ɗaga kafaɗa, ita ta riga ta saba.

Baba ya miƙa ɗaya hannun. "Ke, zo nan."

Ɗayyiba ta matsa. Ya dafa kafaɗarta, ya ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofa. Suka kama hanya a hankali, shi yana jan ƙafa, ita ta sandare wuya kamar mai ɗauke da tulu, Yaya Sani yana biye a baya hannuwa a buɗe. A bakin kwata suka tsaya, na rufe ido. Da na buɗe suna ƙetare. Daga nesa na ji muryar Malam Ɗanjuma, "A'a, Manaja! An dawo fili ke nan? Har da mai ɗaukar jaka?" Na ga Baba ya ɗaga sandar sama yana nuna masa, amma bai ba shi ya taɓa ba.

Ina nan tsaye a zaure, ban san ko haushi nake ji ko me ba, sai ga Ɗayyiba ta dawo a guje, ɗankwali a hannu. Ta dubi fuskata, ta haɗo 'yar Hausarta da ƙyar.

"Ummi, ki daina fushi. Kaka ya duba ƙeyata, ya ce babu rubutun kowa. Wai ni ce 'yar Madina, in koma in ɗauko shi in an sallame."